Buɗaɗɗen Lasisin Wasanni da Makomar Masu Buga Littattafai

A cikin watan Agusta na shekarar 2000, a birnin Milwaukee na ƙasar Amurka, wurin babban taron shekara-shekara da ake kira Gen Con, inda ma'abota wasannin tebur suke haɗuwa domin saye da sayarwa da ganin abin da aka ƙago sabo, an ga wani al'amari wanda duk wanda ya san tarihin wannan sana'a ba zai yi tsammaninsa ba. A lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya fito da bugu na uku na wasansa mai suna Dungeons & Dragons, a wannan taron kuma waɗansu ƙananan kamfanoni biyu, Green Ronin da Atlas Games, suka baje nasu littattafan da suka gina a kan ƙa'idojin wannan wasa, suna sayarwa a bainar jama'a, ba su biya mai wasan ko sisin kwabo ba, babu kuma lauyan da ya aiko musu da takardar gargaɗi. Abin da ya halatta musu haka wata 'yar takarda ce wadda kalmominta ba su wuce kimanin 900 ba, sunanta Open Game License, ana taƙaita shi OGL, wato buɗaɗɗen lasisin wasa. A kan wannan takarda ne aka gina kamfanoni masu yawa, a kanta kuma aka yi husumar da ta girgiza sana'ar baki ɗaya bayan shekara 23.

Wajibi ne mu fara bayyana wa mai karatu irin wasan da ake magana, domin ba kowa ne ya taɓa ganinsa ba. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna kewaye da tebur, ɗayansu ya zama jagora, shi ne mai riƙe da labari, yana siffanta musu gari da daji da kogo da abin da ke ɓoye a ciki, sauran kuwa kowannensu ya ɗauki matsayin mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi, wancan ɓarawo, waccan mai sihiri, kowa yana faɗin abin da mutuminsa zai aikata. Idan aka zo wurin da ake shakka, ko takobi zai sami abokin gaba ko zai kuskure, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20, a duba littafi a ga hukuncin da lambar ta bayar. Tamkar tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da bakin magana a cikinta, ba a zuba kuɗi, ba a cin kowa. Abin lura, wanda a kansa dukkan tijarar ta ginu, shi ne cewa kayan wannan wasa littattafai ne, na ƙa'idoji da na dodanni da na labarun da jagora zai bi, kuma jagoran da ya ƙare labari guda a wannan wata yana bukatar wani a wata mai zuwa.

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka ƙago Dungeons & Dragons, aka buga shi a 1974 a wani ƙaramin kamfani mai suna TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin, kwafi 1,000 kacal a bugun farko. Da wasan ya bunƙasa, kamfanin ya yi ƙarfi, sai ya zama mai tsananin kishin abin hannunsa, har ya yi suna wajen kai ƙara. A farkon shekarun 1990 ya maka kamfanin Mayfair Games a kotu saboda littattafan taimako da yake bugawa domin masu wannan wasa; ya kuma yi ƙarar kamfanin GDW a kan wani sabon wasa da shi kansa Gygax ya rubuta bayan ya bar TSR, shari'ar ta ci dukiya da lokaci kafin a yi sulhu a 1994; a wannan shekarar ma ya riƙa aika gargaɗi ga masoyan wasan waɗanda suke raba rubuce-rubucensu kyauta a intanet. Duk wannan tsaro bai hana kamfanin durƙushewa ba. Bashi ya yi masa katutu, littattafan da ba a saya ba suka cika rumbunsa, har a 1997 Wizards of the Coast, wanda ya yi arziki da wasan katin nan Magic: The Gathering, ya saye shi, shi ma kuma bayan shekara biyu babban kamfanin kayan wasan yara Hasbro ya saye shi a kan dala miliyan 325 ko kusa da haka.

A nan akwai wata mas'ala ta shari'a wadda in ba a fahimce ta ba, ba za a gane darajar lasisin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta ba kowa mallakar ƙa'idar wasa ba. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1880 a shari'ar Baker da Selden, wadda aka yi a kan wani tsari na rubuta lissafin ciniki, aka tabbatar cewa abin da doka take tsarewa shi ne lafazi, wato jimlolin da marubuci ya tsara da hannunsa, amma ma'ana da tsari da hanyar aiki na kowa ne, dokar 1976 kuma ta zo ta rubuta wannan a sarari. Bisa ga haka, ko da babu wani lasisi, mutum yana iya rubuta labarin da ya dace da ƙa'idojin wasan wani. Sai dai iyakar da ke tsakanin lafazi da ma'ana a cikin littafi mai shafi 300, cike da jadawali da sunayen dodanni da na sihiri, ba abu ba ne da ake gani da ido, alƙali ne kaɗai zai iya shata ta, kuma kafin a kai gaban alƙali kuɗin lauyoyi ya riga ya cinye jarin mutumin da yake buga littafi a ɗakin kwanansa. Saboda haka abin da ƙananan masu ɗab'i suke nema tun asali aminci ne, wato alkawari rubutacce cewa ba za a kai su ƙara ba.

Mutumin da ya kawo wannan alkawari shi ne Ryan Dancey, wanda Wizards ya ɗora a kan sashen waɗannan wasanni, shi ne kuma wanda aka aika ya binciki littattafan kuɗin TSR kafin a saye shi, ya ga hasarar da idonsa. Hujjarsa kashi biyu ce. Ta farko ta kasuwa ce: darajar wasa irin wannan tana ga yawan masu yinsa, domin mutum ba ya yinsa shi kaɗai, kuma ribar kamfani tana cikin babban littafin ƙa'idoji wanda kowane ɗan wasa sai ya saya, alhali littattafan labaru jagora kaɗai ne ke sayensu, ribarsu kaɗan ce, wahalarsu mai yawa, to, in haka ne, mene ne aibin a bar waɗansu su ɗauki wannan wahala da kuɗinsu, kowane littafi da suka buga ya zama mai kiran mutane zuwa ga sayen na asali? Ta biyu kuwa ta fi zurfi, ita ce kada wasan ya sake zama fursunan kamfani guda, wanda in ya faɗi sai ya faɗi da shi, kamar yadda ya kusa faruwa a hannun TSR. Dancey bai ɓoye ba cewa ya ɗauko dabarar daga masu rubuta manhajar kwamfuta ta kyauta, mabiya tafarkin Richard Stallman, waɗanda suka riga suka nuna cewa ana iya amfani da dokar mallaka kanta wajen tabbatar da cewa abu ya zauna a buɗe.

Tsarin takardar mai sauƙi ne. Wizards ya tattara ƙashin bayan ƙa'idojin wasan a cikin wani kundi da ake kira SRD, ya ce kowa yana iya kwafa, ya gyara, ya ƙara, ya sayar, a ko'ina cikin duniya, babu la'ada, kuma izinin na dindindin ne. Ya keɓe wa kansa sunan wasan da sunayen ƙasashen labarinsa da waɗansu dodanni da suka zama alamarsa, ya kuma ba kowane mai bugawa ikon ya keɓe nasa sunaye da zane da labari haka nan. Sharaɗin da ya ɗora shi ne duk abin da aka gina kai tsaye a kan buɗaɗɗun ƙa'idoji shi ma ya zama buɗaɗɗe ga na baya, sa'an nan a buga lasisin cikakke a cikin littafin. Akwai kuma sashe na 15, wanda ni a ganina shi ne mafi kyawun abin da ke cikinta: wajibi ne mai littafi ya jera sunan kowane aiki da ya ɗebo daga gare shi, da mawallafinsa, da shekararsa, har da waɗanda wancan aikin ya ɗebo daga gare su. Wanda ya yi karatu a zaure zai gane wannan nan take, domin isnadi ne, silsila ce ta wane daga wane, kuma akwai littattafan da wannan silsila ta cika musu shafi guda ko fiye da ƙananan haruffa.

Abin da ya biyo baya ambaliya ce. Kamfanin White Wolf, wanda da kishiya ne, ya fito da littafin dodanninsa mai suna Creature Collection tun kafin na Wizards ya iso kasuwa. Mongoose Publishing a Ingila ya riƙa fitar da littattafai kusan babu hutu. Mutanen da ba su taɓa buga ko ƙasida ba suka kafa kamfani da kwamfuta guda, masu kantuna kuma suka riƙa karɓar duk abin da ke ɗauke da tambarin d20, alamar da ke nuna littafi ya dace da wasan Wizards, mai kyau da maras kyau, har kantoci suka cika. Da Wizards ya fito da gyararren bugu a 2003, wanda ake kira 3.5, sai kayan da aka tara suka tsufa a dare ɗaya, masu kantuna suka yi hasara suka ja baya, kamfanoni da dama suka rufe. A wannan shekarar kuma wani ƙaramin kamfani ya shirya littafin batsa a kan ƙa'idojin wasan, Wizards ya gaggauta sauya sharuɗɗan tambarin d20, wanda lasisinsa dabam ne kuma yana da ikon sauya shi, ya hana a manna shi a kan irin wannan littafi; amma OGL ɗin kansa bai iya taɓa shi ba, littafin ya fito a ƙarƙashinsa ba tare da tambari ba. Daga nan masu hankali cikin masu ɗab'i suka fahimci wace takarda ce mai ƙarfi cikin biyun, suka ƙara himma wajen gina wasanni masu cin gashin kansu a kan OGL kaɗai, irin su Mutants & Masterminds na Green Ronin.

To, a nan ne ya kamata mu dakata, domin akwai waɗanda buɗewar ta yi wa ciwo na gaskiya, kuma zalunci ne a wuce su da sauri. Wizards kamfani ne mai faɗi, in an kwafi kundinsa an baza a intanet, ko aka buga shi ƙarami mai araha kamar yadda Mongoose ya yi da littafin aljihu na ƙa'idojin 'yan wasa, ba zai ji a jikinsa ba. Amma ɗauki mutum guda wanda ya kwashe wata shida yana tsara sababbin dodanni hamsin, ya biya mai zane, ya biya mai gyaran rubutu, yana fatan sayar da 'yan ɗaruruwan kwafi ya mayar da kuɗinsa. Ƙa'idojin dodannin nan, bisa sharaɗin lasisin da ya shiga da yardarsa, buɗaɗɗu ne, kuma halal ne ga wani ya kwashe su washegari ya zuba a shafin intanet kyauta, ko ya haɗa su da na waɗansu ya sayar da rahusa, muddin ya rubuta sunansa a sashe na 15. An daɗe ana muhawara a kan wannan a tsakaninsu. Waɗansu suka ce abin da doka ta halatta ladabi yana iya hana shi, ya kamata a jinkirta wa mai littafi har ya ci kasuwarsa. Waɗansu kuma suka nemi kariya ta wata hanya, suka riƙa rubuta bayanin abin da suka buɗe da abin da suka keɓe cikin lafazi mai duhu, ko su keɓe sunan kowane dodo da kowane sihiri, ta yadda mai son ɗiba zai sami lambobi babu suna, ya haƙura.

Ina ganin uzurin na farko, amma ban ga na biyu ba. Wanda ya gina gidansa a kan abin da wani ya buɗe masa, ya ci moriyar dubban sa'o'in aikin da bai biya ba, sa'an nan ya toshe ƙofa a fuskar na bayansa da dabarar lafazi, ya karɓi amana ne ya ƙi miƙa ta. Ban da haka ma, abin da shekaru suka nuna shi ne cewa ƙaramin mai bugawa ya fi cutuwa da rashin a san shi fiye da yadda yake cutuwa da a kwafe shi, domin littattafan da suka mutu a wancan zamani galibinsu cunkoso ne ya binne su, babu wanda ya ma damu ya kwafe su. Mai sayen irin wannan littafi yana biyan kuɗin zane ne, da tsari, da labari, da takarda mai kyau da zai ajiye a kan tebur, da kuma son ya ga marubucin ya sake rubuta wani. Tsiraicin ƙa'ida da ya gani a intanet sau da yawa shi ne yake nuna masa hanyar kanti.

Babbar shaida a kan haka ita ce kamfanin Paizo. Lisa Stevens, wadda ita ce ma'aikaciya ta farko da Wizards ya ɗauka, ta kafa shi a 2002 domin buga mujallun Dragon da Dungeon da izinin Wizards, aka karɓe izinin a 2007. A 2008 Wizards ya fito da bugu na huɗu, ya ƙi sa shi a ƙarƙashin OGL, ya kawo wani lasisi mai ƙunci wanda yake iya sokewa ko sauyawa yadda ya so. Paizo ya ga ba zai ɗora rayuwar ma'aikatansa a kan irin wannan ba, sai ya koma ga tsohon kundin 3.5 wanda har yanzu yake a buɗe, ya gyara shi tare da dubban 'yan wasa da suka gwada daftarin kyauta, ya fito da shi a Agustan 2009 da suna Pathfinder, littafi mai shafi 576. Sa'an nan ya yi abin da tsohon TSR zai ɗauka hauka ne: ya zuba ƙa'idojinsa a intanet kyauta, ya bar masoya su yi nasu shafukan, daga baya ma ya mai da ɗaya daga cikinsu, Archives of Nethys, ya zama na hukuma. Duk da haka, a ƙididdigar da mujallar kasuwanci ta ICv2 take yi ta kantunan wasanni, Pathfinder ya hau gaban Dungeons & Dragons daga 2011 har zuwa 2014. Gaskiya ne a ƙarshen wannan lokaci Wizards ya rage fitar da sababbin littattafai yana shirin bugu na gaba, amma wannan bai rage wa darasin ƙarfi ba: kamfanin da ya rufe ƙofa ya rasa kasuwa a hannun wanda ya ba da ƙa'idojinsa kyauta.

Waɗansu ma sun wuce nan. Masu wasan Eclipse Phase, wanda ya fito a 2009 a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wani buɗaɗɗen lasisi mai barin a kwafa a raba, da hannunsu suka sa littafin a hanyoyin da ake raba fayiloli kyauta, suka ci gaba da sayar da bugaggensa. Waɗansu kuma suka yi amfani da OGL wajen rayar da tsofaffin bugun wasan na shekarun 1970 da 1980 waɗanda suka ɓace daga kasuwa, kamar yadda OSRIC ya yi a 2006, wanda hakan cikar burin Dancey ne na biyu. Wizards kansa ya dawo hanya: bayan bugu na biyar ya fito a 2014, sai a Janairun 2016 ya saki kundinsa a ƙarƙashin tsohon OGL, aka shiga zamanin da wasan bai taɓa ganin irin bunƙasarsa ba, kamfanoni irin su Kobold Press suka yi ƙarfi, Matt Colville kuma ya tara fiye da dala miliyan 2 a dandalin Kickstarter a 2018 domin littafi guda na taimako.

Wannan bunƙasa ce ta jawo fitina. A Disambar 2022 shugabar Wizards ta lokacin, Cynthia Williams, ta shaida wa masu zuba jari cewa ba a samun kuɗin da ya kamata daga wasan, kuma a wannan shekarar Hasbro ya sayi dandalin D&D Beyond a kan dala miliyan 146 da 'yan kai, inda 'yan wasa suke biyan kuɗin wata-wata. Ranar 5 ga Janairun 2023 Linda Codega ta kafar labarai ta Gizmodo ta fallasa daftarin sabon lasisi, OGL 1.1, mai kalmomi kusan 9,000. A cikinsa, duk wanda cinikinsa ya wuce dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin 100 na abin da ya haura, ko kashi 20 in ta Kickstarter ya tara. Wanda ya wuce dala 50,000 zai riƙa kai rahoton kuɗinsa. Wizards zai sami ikon amfani da aikin kowa har abada ba tare da biya ba. Yana kuma iya sauya sharuɗɗan da sanarwar kwana 30. La'adar nan a kan kuɗin ciniki aka ɗora ta, ba a kan riba ba, wato kamfanin da ya yi cinikin dala miliyan 2 zai ba da dala 312,500 kafin ya cire kuɗin takarda da jirgi da albashi, a sana'ar da ribarta siririya ce. Amma abin da ya fi duka nauyi jimla guda ce, wadda ta ce tsohon lasisin ya daina zama halattacce.

Dogaron lauyoyin kamfanin a kan gurbi biyu ne: takardar ta ce izinin na dindindin ne amma ba ta ce ba ya warwaruwa ba, sashe na 9 kuma ya ce ana iya amfani da kowane bugu na lasisin da aka halatta, sai suka ce wanda ya halatta yana iya janye halattawar. Kamfanin ya kuma kawo dalilai waɗanda ba na banza ba ne, cewa yana son hana masu rubutun ƙiyayya da wariyar launin fata fakewa da wasansa, da hana manyan kamfanoni cin moriyar abin da aka yi domin ƙanana, ya ce waɗanda la'adar za ta shafa ba su kai 20 ba. Sai dai a 2004 shi wannan kamfani ya wallafa amsoshin tambayoyi inda ya faɗa a sarari cewa in ya sauya lasisin ta hanyar da mutum bai yarda ba, mutumin yana iya ci gaba da tsohon. Dancey ya fito ya ce ba a taɓa nufin a iya soke shi ba, Paizo kuma ya ce a shirye yake ya kare wannan a kotu.

Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a babin wakafi, jumhurinsu kuma a kan cewa wanda ya tsayar da abu domin amfanin jama'a, aka karɓa, aka yi aiki da shi, ba shi da ikon dawowa ya mai da shi cikin dukiyarsa, ko da daga baya ya ga abin ya yi albarkar da bai zata ba. Lasisin kamfani ba wakafi ba ne a hukunci, tun da domin riba aka yi shi, kuma ya kawo ribar. Amma hikimar da ta sa aka hana warware wancan tana nan a cikin wannan, domin mutane sun bar ayyukansu, sun ci bashi, sun ɗauki ma'aikata, sun yi shekara ashirin suna gini bisa kalmar da aka ba su. Lauya yana iya samun gurbi a lafazi, amma maƙasudin alkawarin a bayyane yake ga wanda ya bayar da wanda ya karɓa, kuma wanda ya nemi ya tsere ta wannan gurbi ya ci amana ko da kotu za ta ba shi gaskiya.

Ba a kai ga kotu ba. Mutum fiye da 60,000 suka sa hannu a buɗaɗɗiyar wasiƙa, 'yan wasa suka yi ta soke rajistarsu ta D&D Beyond, wanda shi ne harshen da masu lissafin kamfani suke ji. Ranar 12 ga Janairu Paizo ya ba da sanarwar zai ɗauki nauyin sabon lasisi mai suna ORC wanda ba mallakar kowane kamfani ba, kuma lauyan da ya rubuta OGL na asali, Brian Lewis, shi ne zai jagoranci rubuta shi. Kamfanoni da mawallafa fiye da 1,500 suka bi bayansa, Paizo kuma ya ce ya sayar da littattafan da ya tanada domin wata takwas a cikin mako biyu. Wizards ya janye la'adar, ya kawo wani daftari ya nemi ra'ayin jama'a, mutum fiye da 15,000 suka amsa, kashi 88 cikin 100 suka ce ba za su buga komai a ƙarƙashinsa ba, kashi 89 suka ƙi yarda da soke tsohon. Ranar 27 ga Janairu Kyle Brink, a madadin kamfanin, ya sanar cewa an bar tsohon lasisin yadda yake, an kuma saki kundin bugu na biyar gaba ɗaya a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da wata ƙungiya mai zaman kanta ta rubuta, wanda ba a iya janye shi. Ya kamata a yaba wannan mataki, domin ya wuce abin da masu ƙorafin suka roƙa, kuma kamfanin ya maimaita shi a Afrilun 2025 da kundin sababbin ƙa'idojinsa.

Amma masu ɗab'in ba su koma inda suke ba. Paizo ya sake rubuta Pathfinder, ya fitar da sababbin littattafan a Nuwambar 2023 a ƙarƙashin ORC, bayan ya cire ko ya sauya sunayen dodanni da sihirce-sihircen da suka samo asali daga kundin Wizards, aikin da ya ci kuɗi da watanni waɗanda da an kashe su wajen sabon abu. Kobold Press ya yi nasa wasan, Tales of the Valiant. Masu shirin wasa na intanet mai suna Critical Role suka fito da Daggerheart a 2025. Kamfanin Colville ya fito da Draw Steel. Free League na ƙasar Suwidin ya rubuta nasa lasisin. Kowa ya nemi ƙasar da zai taka wadda ba ta wani ba, kuma babu mai zarginsu. Sai dai abin da wannan ya haifar ga ƙaramin marubuci shi ne, a maimakon takarda guda da kowa ya sani, yanzu yana gaban takardu da yawa waɗanda sharuɗɗansu ba su cika haɗuwa ba: irin Creative Commons da Wizards ya zaɓa yana neman a ambaci mai asali ne kawai, bai wajabta wa wanda ya ɗiba ya buɗe nasa ba, ORC kuwa ya wajabta buɗe ƙa'idoji, saboda haka wanda yake son ya haɗa dodon wannan da sihirin wancan a littafi guda sai ya nemi shawarar lauya, abin da takardar 2000 ta zo ta ɗauke masa.

Sakin da aka yi ƙarƙashin Creative Commons ranar 27 ga Janairu kuma bugu na biyar kaɗai ya shafa. Dubban littattafan da aka buga tsakanin 2000 da 2022 a kan kundin bugu na uku da abin da ya tsiro daga gare shi suna nan a ƙarƙashin tsohuwar takardar, wadda aka bari yadda take ba tare da an ƙara mata kalmar da aka yi husuma a kanta ba, kuma da yawa daga cikinsu kamfanonin da suka buga su sun rufe tun zamanin cunkoson d20, waɗansu mawallafan ma sun rasu, babu wanda ya rage da zai sa hannu ya mai da su ƙarƙashin wani sabon lasisi.